Amsar Wasiƙunku: Yaya Turawa Suka Yi Da 'Yan Asalin Ostareliya?

Wani mai sauraronmu, manomi daga Funtuwa, ya aiko da tambaya yana cewa: "Wai shin da gaske ne ƙasar Ostareliya tana da mutanenta baƙaƙe tun kafin zuwan Turawa? In haka ne, me ya same su?"

To Malam, gaskiya ne. Mutanen da ake kira Aborijin sun fi shekara 50,000 a ƙasar, suna farauta, suna su, kowace ƙabila da yarenta da iyakarta. A shekarar 1788 jiragen ruwan Ingila suka sauke fursunoni da sojoji a inda birnin Sidni yake yanzu. Da Turawan suka ga ba gonaki irin nasu, sai suka ɗauki ƙasar tamkar ba mai ita. Ba ciniki, ba yarjejeniya.

Tushen fitinar kuwa ƙasa ce da ruwa. Masaƙun Ingila na neman gashin tumaki ido rufe, saboda haka masu garke suka yi ta kutsawa cikin daji suna kame makiyaya da mashaya. Kai da kake manomi ka san abin da ake nufi in an raba mutum da ruwan shansa. Tumaki suka cinye ciyawa, namun daji suka watse, yunwa ta shigo. In ɗan ƙasa ya soke saniya guda don ya ci, sai a hau dawaki a far wa zango sukutum.

Bari in ba ka misali ɗaya. Ranar 10 ga Yuni, 1838, a wata makiyaya da ake kira Myall Creek, a yankin New South Wales, mutum 12 suka auka wa jama'ar Wirrayaraay da ke zaune lafiya a wurin. Majiya ƙarfinsu sun tafi aiki, sai mata da yara da tsofaffi. Aka ɗaure su da igiya, aka kora su bayan tudu, aka karkashe su, akasari da takubba. Bayan kwana biyu makasan suka dawo suka ƙone gawawwakin. Aƙalla rai 28.

Irin wannan ta'asa ba sabon abu ba ne a lokacin. Abin da ya bambanta wannan shi ne an sami waɗanda suka ƙi yin shiru. Wakilin mai garken, William Hobbs, ya kai rahoto, ya kuma rasa aikinsa. Wani fursuna mai gadin bukka, George Anderson, ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da ya gani, alhali yana tsoron ransa. Shi kuwa ɗan ƙasar da ya ga abin da idonsa, doka ba ta yarda ya ba da shaida ba, wai don ba Kirista ba ne, ba zai iya rantsuwa ba.

A shari'ar farko, masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu Turawa, suka wanke mutum 11 cikin 'yan mintoci. Babban lauyan gwamnati, John Plunkett, bai haƙura ba, ya sake gurfanar da bakwai. Aka same su da laifi, aka rataye su ranar 18 ga Disamba, 1838. Madugun nasu, John Fleming, ɗan masu hali ne, ya ɓuya, har ya mutu ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Kada ka zaci kisan ya tsaya nan. Wasu suka koma zuba guba a garin alkama suna bayarwa kyauta. Har a 1928, a Coniston, 'yan sanda da kansu suka amsa sun kashe mutum 31, kwamitin bincike ya ce kare kai ne. Masanan Jami'ar Newcastle sun gano wurare fiye da 400 da aka yi irin wannan kisa, inda aka hallaka sama da mutum 10,000.

Amma gaskiya, in ji Hausawa, ba ta ɓuya. A 1992 babbar kotun ƙasar, a shari'ar Mabo, ta soke da'awar nan ta cewa ƙasar ba mai ita. A shekarar 2000 kuma aka kafa dutsen tunawa a Myall Creek, inda jikokin waɗanda aka kashe da na waɗanda suka yi kisan ke haɗuwa kowane watan Yuni.

Da fatan Malam ka gamsu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, sai mun ji daga gare ka.