MALAMIN DA YA ƊAUKI KARATU WAJEN MANOMA

Yau tarihin wani Bature za mu waiwaya, wanda bai zo ƙasarmu don mulki ko ciniki ba. Sunansa Michael Mortimore, malamin ilimin labarin ƙasa, wato ilimin sanin ƙasa da ruwanta da itatuwanta da yadda mutane ke rayuwa a kanta. Wata za ta ce, ina ruwan biri da gada? Ki yi haƙuri ki karanta, maganar ta shafi tukunyarki da rumbun maigidanki.

An haife shi a 1937, ya yi karatu a Jami'ar Leeds ta Ingila. A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ya zo Zariya ya fara koyarwa. A 1979 ya koma Jami'ar Bayero ta Kano a matsayin farfesa, ya zauna har 1986. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana shan ranarmu da ƙurarmu. Ya rasu a 2017.

A wancan zamani masana da yawa na Turai sun riga sun yanke wa talakan Afirka hukunci. Cewa suke shi ke kashe ƙasarsa: ya haihu da yawa, ya sare itatuwa, ya nome gona har ta gaji, sai hamada ta shigo. Shi kuwa Mortimore sai ya ce bari ya je ya gani da idonsa, don gani ya kori ji. Ya shiga ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi cunkoso, ana noma gona kowace damina ba hutu. Me ya tarar? Ya tarar manoma na kai wa gona takin awaki da tumaki, jakuna na ɗauko toka da shara daga birni zuwa gonaki, an bar gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar shuka, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa wuri guda. Ƙasar da aka ce ta kusa mutuwa, ga ta tana ciyar da mutanenta.

Sai ga farin 1972 zuwa 1974, wanda tsofaffinmu ba su manta ba. Ruwa ya ɗauke, dabbobi suka faɗi, rumbuna suka ƙone. Mortimore ya zaɓi wani ƙauye mai suna Dagaceri, a Jihar Jigawa ta yanzu, ya riƙa komawa shekara da shekaru yana tambayar magidanta yadda suka tsallake. Ya rubuta yadda maza ke tafiya cin rani, yadda ake sayar da akuya a sayi hatsi, da yadda ake komawa ga ganyaye da 'ya'yan itacen daji idan tsaba ta yanke. Daga nan ya fitar da littafinsa Adapting to Drought a 1989, wato yadda ake zama da fari.

To 'yar uwa, wa ya san waɗannan ganyaye? Wa ya san lokacin tsinkar tafasa da yaɗiya, da yadda ake shanya rama da kuka su kai wata damina? Wa ke kiwon akuyar da ake sayarwa ranar da ido ya raina fata? Mace ce. Abin da kakarki ke yi tana ganin ba komai ba ne, shi wannan malami ya rubuta, manyan jami'o'in duniya suka karanta.

Bai tsaya nan ba. Shi da Mary Tiffen da Francis Gichuki sun binciki yankin Machakos a ƙasar Kenya, suka fitar da littafin More People, Less Erosion a 1994. Sun nuna cewa daga 1930 zuwa 1990 mutanen yankin sun ninka wajen sau biyar, amma zaizayar ƙasa raguwa ta yi, domin hannu ya yawaita, an yi gayya an ɗaure gangaren duwatsu, an dasa itatuwa, kuma ƙungiyoyin mata na gaba-gaba a aikin. Wannan littafi ya sa masana da dama suka sake tunani.

Yanzu mu dawo gida, Anka da Gummi da Bukkuyum. Allah Ya ba mu fadamun gulbin Zamfara, Ya ba mu daji, Ya kuma binne mana zinariya. Ilimin iyaye ya isa a kan gero da fari, domin sun daɗe tare. Amma dutsen zinariya baƙo ne a tsakar gida. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma, daga baya har Bagega. Dutsen ake kawowa gida, a daka a turmi, a niƙa, ƙurar ta bi ƙasar da yara ke rarrafe. Yara sama da ɗari huɗu suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Sai da likitocin ƙungiyar MSF da masana suka zo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka yi wa yaran magani.

Kin ga abin da tarihin nan ke nuna mana? Mortimore ya sauko ya saurari manomi, ya ƙaru. Mu ma inda saninmu bai kai ba, mu saurari mai awo da gwaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada turmin abinci ya haɗu da dutsen haƙa. Kada tokar murhu da kashin awaki su tafi bola, gona ce ke jiransu. Idan an zo sare gawo ko ɗorawa don itacen girki, ki sa baki, a sassabe reshe a bar uwar. Ki zauna da tsohuwar gidanku ki koyi sunan kowane ganye tun tana raye. Sannan ki bar 'yarki ta yi karatu, ko Allah zai sa wadda za ta rubuta labarin ƙasar Zamfara ta fito daga ɗakinki.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da gonakinmu, amin.