Yadda ake gane wurin da jirgin sama yake daga ƙasa

Ana iya sanin inda jirgi yake a sama ta hanyar auna lokacin da saƙon rediyonsa ya ɗauka kafin ya iso ƙasa. Saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a sakan guda, wato mita 300 cikin kashi ɗaya bisa miliyan na sakan. In an san lokacin, an san nisan ke nan.

Jiragen fasinja suna ɗauke da na'urar amsa kira da ake ce wa tiransifonda. Rada ta ƙasa tana aika tambaya a kan megahaz 1030, jirgi ya amsa a kan 1090, can sama da zangon FM da muke saurare. Tsawon lokacin zuwa da dawowa shi ke ba da nisa, inda eriyar ta fuskanta kuma ya nuna shiyya.

Akwai wata dabara da ba ta buƙatar eriya mai juyawa. Mu ɗauka an yi tsawa, ƙauyuka huɗu suka ji, kowane ya rubuta lokacin da ƙarar ta iso masa. Na kusa shi zai fara ji, na nesa daga baya. Haka ake baza tashoshin sauraro wurare dabam-dabam, kowace ta rubuta lokacin da amsar jirgin ta iso, sai kwamfuta ta kwatanta bambancin ta fitar da wurinsa. Da tashoshi huɗu ana samun wuri har da tsayinsa daga ƙasa. Amma fa sai agogunansu sun daidaita sosai, shi ya sa galibi ake saita su da GPS. Kuskuren da ido ba ya gani sai ya kai jirgi ɗaruruwan mitoci daga inda yake.

To, in jirage sun yi yawa, yaya ake bambanta su? Masu kula da zirga-zirgar sama, waɗanda a Nijar ma'aikatan ASECNA ne, suna ba jirgi lamba mai alƙaluma huɗu daga 0 zuwa 7, jimilla 4,096. An keɓe uku: 7700 ga jirgin da ke cikin matsala, 7600 in rediyonsa ya mutu, 7500 in an yi fashinsa. Ban da wannan, jiragen zamani kowane na da lambarsa ta dindindin da yake haɗawa da amsarsa.

Manhajojin salula irin su Flightradar24, da ƴan uwa ke bin jirgin alhazai da su, suna amfani da wannan dabara ga jiragen da ba sa faɗin wurinsu da kansu. Saƙon ba ya bin lanƙwasar ƙasa, kuma tashoshin sauraro ba su da yawa a hamada, don haka jirgi kan ɓace daga allon waya alhali yana tafiyarsa lafiya lau. Wanda ya kashe tiransifondarsa kuwa, wannan hanya ba ta ganinsa sam, sai radar da ke jiran saƙonta ya daki jikin jirgin ya dawo.