Yadda Holan ta riƙe haihuwar gida

A shekarar 1693 wata bazawara mai 'ya'ya shida a ƙauyen Hallum, can arewacin Holan, ta fara karɓar haihuwa don ta ciyar da marayunta. Sunanta Catharina Schrader. Mijinta wanzami ne irin na Turai a wancan zamani, yana aski yana ƙaramar tiyata.

Abin da ya raba ta da sauran ungozomomi shi ne alƙalami. Duk gidan da aka kira ta sai ta rubuta matar wane ce, sana'ar mijin, yadda naƙuda ta kasance, abin da aka samu, har da kuɗin da aka sallame ta da shi. Ba ta ajiye aikin ba sai 1745, tana gab da shekara 90, bayan ta karɓi haihuwa kimanin 3,060. A cikin littafin akwai daren da aka ɗauko ta ana jan ta a kan ƙanƙara cikin iska mai ƙarfi, ta isa sanyi ya kusa kashe ta, sai da mutanen gidan suka farfaɗo da ita kafin ta karɓi haihuwar. Akwai jariran da suka zo a gicciye, ta sa hannu ta juya su, ta jawo su ta ƙafa. Da Farfesa Gerrit-Jan Kloosterman na Amsterdam ya bi lissafinta a ƙarni na 20, ya ga matan da suka rasu a hannunta kusan 5 ne cikin 1,000. Wannan a zamanin da babu ƙarin jini, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila da Faransa da Amurka suka kwashe haihuwa zuwa asibiti kusan kakaf. Holan ta noƙe, kuma dokokinta ne suka ba ta dama. Tun 1861 aka buɗe makarantar ungozomomi a Amsterdam. Dokar 1865 ta amince da ungozoma a matsayin ma'aikaciyar lafiya mai cin gashin kanta, wadda ba ta jiran izinin likita muddin ciki lafiya yake. A 1941 tsarin inshorar lafiya ya ƙara mata ƙarfi: inda akwai ungozoma, ita za a biya, kuma gadon asibiti sai mai lalura. Kloosterman ya tsara jerin waɗannan lalurori, irin su hawan jini, tagwaye, ko jaririn da bai juyo da kai ba, don a san tun wajen awo wadda za ta haihu a ɗakinta da wadda za a tura.

A 1965 kashi biyu cikin uku na jariran ƙasar a gida aka haife su.

Shirin ma abin kallo ne. Ciki na tsufa, kamfanin inshora zai aiko da kwali ɗauke da auduga, bandeji, ledar shimfiɗa da abin matse cibiya. Ana aro 'yan dungu a ɗaga ƙafafun gado don kada bayan ungozoma ya ƙage. Ita kuma ta zo da jakarta: iskar numfashi, allurar tsayar da jini, zaren ɗinki. Bayan an sauka lafiya, wata ma'aikaciyar jego za ta riƙa zuwa gidan kamar kwana takwas. Ta duba uwa da jariri, ta koya shayarwa da wanka, ta yi wanki, ta tari 'yan barka da biskit mai man shanu da ƙwayoyin alewa, ruwan hoda in mace ce, shuɗi in namiji ne. Aikin da gwaggo ke yi wa mai jego a ƙasar Hausa ke nan, sai dai a can inshora ke ɗaukar mafi yawan kuɗin.

Matan da suka bi wannan hanya sun fi yabon natsuwa: fuskar da suka sani tun awo, damar zagaya ɗaki ko durƙusawa yadda jiki ya so, da kwana a gadonsu a daren farko. Binciken da Ank de Jonge da abokan aikinta suka fitar a 2009, kan mata 529,688 masu lafiyayyen ciki, bai ga bambanci a mutuwar jarirai tsakanin waɗanda suka shirya haihuwa a gida da na asibiti ba. Amma a lura, kusan rabin masu haihuwar fari akan wuce da su asibiti ana tsakiyar naƙuda, kuma a ƙasa ƙarama mai tituna lafiyayyu tafiyar ta mintuna ce.

A nan ne labarin ya sha bamban da na arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda mata da yawa ke haihuwa a gida don asibiti ya yi nisa, ko babu kuɗi, ko maigida ba ya nan, kuma in jini ya ɓalle da dare babu motar da ke jira. Duk mai kafa hujja da Holan ya kamata ya ambaci makarantar ungozomomi da motar asibiti tare.

Al'adar ta ja baya a Holan ɗin ma. Son allurar rage zafin naƙuda da muhawarar da aka yi kan mutuwar jarirai sun sauke adadin daga kusan kashi 30 cikin 100 a farkon shekarun 2000 zuwa ƙasa da kashi 20. Duk da haka babu ƙasar Yammacin Turai da ta kamo ta, kuma a 2020 an shigar da haihuwar gida cikin kundin al'adun gado na ƙasar.