Wutar dajin 1910 da darasin da Amurka ta ɗauka a karkace

Jama'a, duk wannan wutar daji da muke gani a labarai daga yammacin Amurka, ni a ganina sai an koma 1910 kafin a fahimce ta. Ranakun 20 da 21 ga Agusta na shekarar, iska mai ƙarfi ta haɗe ƙananan gobara masu yawa a jihohin Idaho da Montana. Cikin kwana biyu wuta ta cinye kimanin eka miliyan 3, ta kashe mutum fiye da 80, yawancinsu masu kashe gobara. Hukumar gandun dajin ƙasar shekararta biyar kacal a lokacin, ma'aikata ba su isa ba, har sai da aka turo sojoji, ciki har da baƙaƙen fata.

Tsoron wannan rana bai sake su ba. A 1935 hukumar ta kafa ƙa'ida: duk wutar da aka gano, a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. To ai dazukan nan da yawa sun saba da 'yar ƙaramar wuta mai share busasshen ganye da ƙiraruwa. Da aka hana ta shekara da shekaru, makamashi ya yi ta taruwa, ga fari da zafi kuma sun ƙaru. Yau in ta tashi, kashe ta sai an sha wuya.

Wajen haɗin kai dai kam sun yi ƙoƙari. Tun 1965 akwai cibiya a garin Boise, ana duba hasashen iska da bushewar daji, ana raba jirage da ma'aikata tsakanin jihohi. Ma'aunin shirinsu daga 1 ne zuwa 5. In an kai 5, kusan kowa yana bakin aiki, a nan ne akan nemi ɗauki daga Kanada ko Ostareliya.