Labarin Aikin Gaɓar Ƙugu, Daga Ingila Zuwa Tamale

A zamanin iyayenmu, idan gaɓar ƙugun mutum ta lalace a Zangon Tamale, sai mai ɗori da tsaga da man kaɗanya. Mai ɗori ya san karaya ƙwarai, ba mu raina shi ba. Amma kan ƙashin cinya da ya mutu a cikin kwarminsa, ko don tarin fuka ko don amosanin jini, ya fi ƙarfin karan ɗori.

Sa'ad da Likita George Faile ya buɗe asibitin Baftis na Nalerigu a 1958, akwai dabaru biyu daga cikin waɗanda likitocin duniya suke dogara da su. Ta fari, a haɗe ƙasusuwan su zama ɗaya. Zafi ya tafi, amma gaɓa ta sandare har abada. Ta biyu ita ce ta Girdlestone, likitan Ingila: a yanke ruɓaɓɓen kan ƙashin a fitar, tsoka ta cika gurbin. Ƙafa takan gajarta, mutum ya riƙa ɗingishi da sanda. Duk da haka ni a ganina ta biyun ta fi dacewa da ƙasarmu, gama mai ita yana iya tsugunawa, ya zauna bisa tabarma, ya sunkuya bakin murhu. Wanda aka sandare wa ƙugu kuwa sai kujera, gida nawa ne kuma ke da ita a lokacin?

A asibitin Wrightington na Ingila, Likita John Charnley ya gwada kwarmin roba mai suna Teflon, ya cinye da sauri, har ya zama tilas a sāke yi wa mutane da yawa fiɗa. Bai fid da zuciya ba. A 1962 ya sami roba mai tauri, ya haɗa ta da ƙaramin kai na ƙarfe, ya liƙe su da wani irin siminti. Daga nan aikin ya bazu cikin duniya.

Babban asibitin Tamale an buɗe shi a 1974, a Akara kuma Likita Boachie-Adjei ya buɗe asibitin ƙashi na FOCOS a 2012. Sai dai gaɓar ƙarfe tana da tsada, tana kuma cinyewa da shekaru. Tsoho takan kai shi ƙarshen kwanakinsa. Saurayi mai amosanin jini, ɗan shekara 20, shi ne abin tunani, domin watakila a sāke masa ita sau ɗaya ko biyu, kowane karo kuwa ya fi na baya wuya.