Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Ba: Freud a Idon Bakatsine

A shekarar 1895 Sigmund Freud da Josef Breuer suka wallafa nazarinsu kan wasu mata a birnin Biyena, waɗanda hannu ya shanye musu ko murya ta ɗauke, alhali likita ya duba jijiya ya tarar da ita lafiya lau. Daga nan Freud ya gina ra'ayin cewa abin da ya fi ƙarfin zuciya binne shi take yi, shi kuma ba ya mutuwa, yakan ɓullo ta mafarki, ko suɓutar baki, ko ciwon jiki. Maganinsa, wato saiko'analisis, tonon zuciya ne da magana: majiyyaci ya kishingiɗa ya faɗi duk abin da ya faɗo masa a rai, ba tacewa. Hujjata a nan ita ce ganowar Freud ta dace da Bakatsine, amma hanyarsa ba ta dace ba.

Ɗauki amaryar da ta yi wata uku a ɗakinta a cikin birni. Da magariba ta gabato sai ta ce kanta na zafi, wani abu na yi mata yawo a jiki, ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti an auna jini, ba a ga komai ba. A gida aka ce iska ce, aka kira mai ruƙiyya. Abin lura shi ne muryar da ke fita daga bakinta a lokacin takan faɗi abin da ita ba ta isa ta faɗa wa uwar miji ba. Ba ina musun aljannu ba ne, wannan fagen malamai ne. Tambayata ita ce me ya sa maganar ta rasa ƙofar fita sai wannan.

An taɓa bin wannan sawu a Maraɗi, garin da sarakunan Haɓen Katsina suka kafa bayan birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1807. A 1972 Jacqueline Monfouga-Nicolas ta fitar da littafi kan borin yankin, ta ɗora shi kan wani ginshiƙin Freud: so da ƙi na iya zama a zuciya guda game da mutum guda. Girka kuwa ba korar iska take yi ba, sulhu take ƙullawa tsakaninta da mai ita, a san ko Inna ce ko Sarkin Rafi, a san abin da take so. Mai tonon zuciya ma kusan haka yake yi, yakan nemi majiyyaci ya san sunan abin da ke cin sa, ya iya zama da shi.

Inda aka rabu shi ne kunya. A wurin Freud, shirun majiyyaci turjiya ce da ke nuna inda miki yake. A Katsina shiru tarbiyya ce. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ƙinsa take yi ba, kuma likitan da ya karanta alkunyarta a matsayin cuta ya yi ɓatan kai tun daga zaure. Haka ma batun kishin ɗa da ubansa a kan uwa, wanda Freud ya ɗauka na kowa da kowa ne. Ya gina shi a gida mai miji ɗaya, mata ɗaya. Namu gidan akwai kishiya, akwai goggon da aka ba riƙon yaro tun daga yaye. Ma'auratan nan Marie-Cécile da Edmond Ortigues, da suka yi aiki a asibitin Fann na Dakar, sun nuna a 1966 cewa a can gabar takan kauce wa uba ta sauka kan 'yan'uwa da tsara. Bahaushe ya riga su raɗa mata suna: 'yan'ubanci.

Ga kuma aljihu. Tsarin asali na neman zama huɗu ko biyar a mako, shekara da shekaru, abin da ba zai yiwu ba ga mai ɗaukar ɗan'uwansa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato. Abin da zai yiwu shi ne gajeren salon da magadan Freud suka fitar, zama ɗaya a mako, fuska da fuska, na 'yan watanni. Shi ma sai an yi masa irin gyaran da likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya yi a Aro ta Abekuta a 1954, inda ya zaunar da majiyyata a ƙauyuka tare da danginsu. Amaryar nan ba za ta kishingiɗa a gaban baƙon namiji ta zazzage cikinta ba. Amma ma'aikaciyar jinya mace, mai jin habaici, da ta tambaye ta a hannun wa ta tashi, kuma wa aka fara yi mata maganarsa kafin wannan mijin, tana iya samun amsa a zama na uku ko na huɗu.