Kaluluwar Kusa da Kunne: Dalilan Fitowarta da Yadda Ake Bincikenta a Asibiti

A cikin birnin Zariya, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya a sami gidan da uwa ba ta taɓa shafa bayan kunnen ɗanta ta ji wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa yana motsi a ƙarƙashin fata ba. Wannan shi ne abin da muke kira kaluluwa. Mun fi saninta a matsematsi idan ƙafa ta yi miki, amma tana fitowa a hammata da wuya da ƙeya da kuma kewayen kunne.

Abin da muke son jama'a su fahimta tun farko shi ne, kaluluwa ba ita ce cutar ba, alama ce ta cewa akwai wani abu a kusa da ita. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da ɗaruruwan waɗannan ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ke tace ruwan jiki suna kama ƙwayoyin cuta. Kowace tana gadin yankinta, kamar yadda a da kowace ƙofa ta ganuwar Zazzau take da mai tsaronta. Idan cuta ta shigo ta yankinta sai ta kumbura saboda aikin da take yi.

Inda ta fito yana nuna inda za a duba

Kaluluwar gaban kunne tana gadin ido da fatar ido da gefen goshi. Domin haka aka fi ganinta lokacin da ciwon idon nan da ake kira afolo ya bazu a unguwa. Ta bayan kunne da ta ƙeya kuwa suna gadin fatar kai da kunnen kansa. A nan ne ya kamata iyaye su fi lura, domin a tsakanin yaranmu, musamman 'yan firamare da almajirai, maƙero da ƙwarƙwata da ƙurajen da ke biyo bayan aski su ne kan gaba wajen tayar da ita. Hudar kunnen da ta ruɓe da kunne mai fitar da mugunya su ma suna jawo ta. Idan kuwa a ƙasan kunne take, kusa da muƙamuƙi, to sai a duba maƙogwaro da haƙora da dasashi.

Game da maƙero, shafa mai kaɗai ba ya warkar da shi, domin cutar tana cikin saiwar gashi. Sai an sha maganin da likita ya rubuta na tsawon makonni, kuma a daina haɗa aska da mataji da hula da sauran yara. Idan kai ya warke, kaluluwar za ta sace da kanta, ko da yake takan ɗauki makonni kafin ta koma daidai.

Akwai kuma cutar rubela, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus, mai zuwa da ɗan zazzaɓi da ƙananan ƙuraje da kaluluwa a bayan kunnuwa biyu. Ga yaro ba ta cika tsanani ba, amma idan ta kama mace a farkon ciki tana iya sa a haifi jariri kurma ko mai ciwon ido ko na zuciya. A shekarar 2025 Nijeriya ta fara ba yara allurar rigakafin da ta haɗa ƙyanda da rubela.

Har ila yau, ba kowane kumburi ne kaluluwa ba. Hangum kumburin jakar yawu ne da ke gaban kunne, kuma yakan cika kumatu. Mafi haɗari shi ne idan ciwon cikin kunne ya ci ƙashin da ke bayansa, wurin ya yi ja, ya yi zafi, har ya turo kunnen gaba. Wannan ba a kwana da shi a gida.

Kaluluwar da ba ta ciwo

Mutanenmu sun fi tsorata da kumburi mai raɗaɗi, alhali kuwa likitoci sun fi damuwa da wanda ba ya ciwo. Kaluluwa mai laushi, mai zafi idan an taɓa, wadda ke motsi a ƙarƙashin yatsa, galibi ta ƙananan cututtuka ce. Wadda ta yi tauri, ta kafe wuri guda, tana ƙara girma a hankali ba tare da ciwo ba, ita ce abar bincike.

Babban dalilin irin wannan a ƙasarmu shi ne tarin fuka. Da yawa ba su san cewa tibi yana kama kaluluwar wuya ba tare da mutum ya yi tari ko sau ɗaya ba. Ƙwayoyin sukan manne da juna, daga bisani su yi ruwa su fashe, su bar gyambon da ba ya warkewa. A nan ne ake yawan kuskuren kai maras lafiya wajen wanzami a yi masa sakiya. Ba mu raina sana'ar wanzamai ba, amma sakiya ta maruru ce; idan aka yi wa kaluluwar tibi, mugunyar za ta ci gaba da tsiyaya wata da watanni, cutar kuma tana nan. Maganinta shi ne na tarin fuka, na tsawon wata 6, kuma kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin gwamnati.

Cutar ƙanjamau ma takan tayar da kaluluwa a wurare da dama lokaci guda. Sai kuma ciwon daji: akwai na kaluluwar kanta, akwai na bayan hanci wanda kan fara bayyana da ƙullutu a saman wuya tare da toshewar kunne ɗaya da haɓo. A yara akwai wani nau'i mai saurin kumbura muƙamuƙi, wanda Dokta Denis Burkitt ya bayyana a ƙasar Uganda a 1958, kuma yana jin magani idan an zo da wuri.

Taɓa wuya domin gano cuta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zazzau. A shekarun 1930 da 1940, lokacin da ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa ya addabi yankin Anchau, ma'aikatan lafiya sun riƙa bin ƙauyuka suna lalube wuyan jama'a, suna zuƙo ruwan kaluluwa da allura domin dubawa. A wannan aikin ne aka gina sabon garin Takalafiya.

Yadda ake bincike

Ya kamata a je asibiti idan kaluluwa ta wuce mako 2 ba ta fara raguwa ba, ko ta kai girman goro, ko tana tare da rama, ko gumin dare, ko zazzaɓin da ya ƙi sauka. Dattijo, musamman mai shan taba, kada ya jira ko da ƙarama ce.

Likita zai tambayi lokacin da ta fito, da ko akwai mai tari a gida, da magungunan da aka riga aka sha. Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan, har da na kemis da na gargajiya, domin wasu magungunan suna ɓoye alamun cuta. Bayan haka zai duba kai da ido da kunne da baki, ya lalube wuya da hammata da matsematsi da ciki. Sau da yawa binciken a nan yake ƙarewa. Idan akwai shakka sai a yi gwajin jini da hoton ƙirji, ko a zuƙo ɗan ruwan kaluluwar da siririyar allura, aikin da ba ya wuce 'yan mintoci. Wani lokaci sai an ciro ƙwayar gaba ɗaya an kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin ba ya yaɗa cuta, sabanin abin da wasu ke tsoro.

Mazauna cikin ganuwa, daga Kwarbai zuwa Limancin Kona, suna iya farawa da ƙaramin asibitin unguwarsu ko Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Idan ana zargin tarin fuka akwai Cibiyar Horarwa kan Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa da ke Saye. Gwajin tsoka da maganin ciwon daji kuwa ana tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma ana son a tafi da takardar turawa da kwalayen magungunan da aka sha.